An Ce Za a Sauya Sharuɗɗan Tallafi: Matakai 10 Don Kada Sunanki Ya Faɗi

Ran nan bayan Magariba wata maƙwabciyata a nan Tudun Wadan Zariya ta aiko yaro ya kira ni. Mai lalurar ƙafa ce tun tana ƙarama, da ɗinkin hula take rufa wa kanta asiri. Na same ta a kan tabarma, zare da allura a gefe, waya a hannu. Ta kunna mini wani saƙon murya da ake ta turawa a WhatsApp, wai daga wata mai zuwa za a sake tantance kowa, kuma za a zubar da sunaye da yawa.

Ta ce, "Yaya, wai da gaske cire mu za a yi?"

Na yi mata tambaya uku. Wane tallafi ne kike ciki? Da wane suna aka rubuta ki? Ina layin wayar da kika bayar ranar rajista? Ta yi shiru. Can ta tuna layin na ƙanenta ne, shi kuwa ya fi shekara a Legas.

Fargabarta ba ta banza ba ce. A zamanin Shugaba Buhari, gidajen da ke cikin shirin tallafin kuɗi na tarayya Naira 5,000 suke samu a wata, ana haɗa na wata biyu a ba su 10,000, galibi hannu da hannu. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da sabon tsari a watan Oktoba: Naira 25,000 a wata har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A watan Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, aka tsayar da shirye-shiryen don bincike. Da aka dawo, sai da sharaɗi: a tantance mutum da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuɗi kuma su bi ta asusu.

Kin ga ke nan sharuɗɗa suna sauyawa, kuma za su sake sauyawa. Abin da ake yankewa a Abuja ko Kaduna ba a hannunki yake ba. Amma takardunki suna hannunki, kuma sau da yawa ta nan ake faɗuwa. Kai ma ɗan'uwa, da kai ake. Ga abin yi.

1. Ki san tallafin da kike ci

"Kuɗin gwamnati" ba suna ba ne. Kowane shiri da ofishinsa da ƙa'idarsa.

Na tarayya daga Rajistar Marasa Galihu ta Ƙasa ake ɗebo sunayensa, wadda ofishin NASSCO ke riƙe da ita, kowace jiha kuma tana da nata reshen da ke tattara sunaye. Wannan rajista talaucin gida take dubawa. Lalura tana cikin abin da ake tambaya, amma ita kaɗai ba ta shigar da mutum.

Najeriya ba ta da alawus na wata-wata da ake bai wa kowane mai nakasa a faɗin ƙasa. Jigawa ce ta yi suna da irin wannan, tun 2007 lokacin Gwamna Sule Lamido, inda aka fara da Naira 7,000 a wata. In kin ji labari daga Dutse ko Haɗeja, na jiharsu ne, bai shafi Zariya ba.

A Kaduna akwai dokar masu buƙata ta musamman ta 2021 da hukumar da ke kula da harkokinsu. Akwai inshorar lafiya ta KADCHMA. Akwai kuma na ƙungiyoyi, na zakka, da rabon 'yan siyasa.

Ki zauna yau ki tuna: wa ya rubuta ki, a ina, wace shekara, yaushe kika karɓa na ƙarshe? Ki rubuta, ko ki sa a rubuta miki.

2. Ki bambance shawara da doka

"Za a yi" daban, "an yi" daban. Tsakaninsu akwai majalisa, akwai sa hannu, akwai takardar umarni zuwa ofisoshi.

Ga abin da ya faru a Ingila. A watan Maris na 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sanar da shirin tsaurara wani tallafin masu nakasa da suke kira PIP. Sabon sharaɗin shi ne sai mutum ya ci maki 4 aƙalla a ɗaya daga cikin ayyukan yau da kullum, irin su wanka, sa tufafi ko dafa abinci. Hankalin jama'a ya tashi. Ƙungiyoyi suka miƙe, 'yan majalisar jam'iyya mai mulki fiye da 120 suka ce ba su yarda ba. Ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnati ta janye wannan sashe daga ƙudirin, sai an kammala wani nazari tukuna.

Darasi biyu ke nan. Ba kowane "za a yi" ke tabbata ba. Kuma abin da ya tsayar da shi haɗa baki ne.

Duk labarin da ya zo miki, ki yi masa tambaya uku: wace hukuma ta faɗa? Yaushe zai fara aiki? Ina takardar? Saƙon da ba shi da amsar ko ɗaya, kada ya hana ki barci, kada kuma ki tura wa wata.

3. Suna ɗaya a ko'ina

Nan ne babban rami. Kwamfuta ba ta san cewa Hauwa'u ita ce Hauwa, ita ce Kulu ba. Ba ta san Muhammad da Mohammed da Mamman duk mutum ɗaya ne ba. In katin ɗan ƙasa yana ɗauke da sunan mahaifinki, asusun banki yana ɗauke da na mijinki, a wurinta mata biyu ne.

Ki latsa *346# a layin da kika yi rajistar NIN da shi, lambarki za ta fito. Ki latsa *565*0# a layin da banki ya sani, BVN ɗinki zai fito. Kowace lamba guda 11 ce, kuma ana cire 'yan kuɗi kaɗan, don haka ki sa kati tukuna.

Sai ki jera takardar NIN da takardun banki, ki sa mai ido da karatu ya duba abu uku: rubutun suna harafi bayan harafi, jerin sunayen, da ranar haihuwa.

In akwai saɓani, ki zaɓi abin da ke kan NIN ya zama uwa, ki je banki a daidaita sauran da shi. Banki kan nemi takardar rantsuwa daga kotu. In NIN ɗin ne ke da kuskure, gyara a hannun hukumar NIMC yake. Rajistar farko kyauta ce, gyara kuwa da kuɗi, na ranar haihuwa ya fi tsada da ɗaukar lokaci. Shi ya sa za ki fara tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wadda ta rasa yatsu ko zanen yatsunta ya shafe, kamar 'yan'uwanmu da suka yi fama da kuturta: kada ki juya don injin ya ƙi karanta hannunki. Ki nemi ganin shugaban wurin, ki ce a rubuta dalilin a ci gaba da rajistar.

4. Layi naki, asusu naki

Layin aro kamar zanen aro ne, ranar biki mai shi zai zo karɓa. Ki yi rajistar layi da NIN ɗinki. Ki riƙa amfani da shi, ko da kira ɗaya ne a mako, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani kan rufe shi ya sayar wa wani. Daga nan saƙon kuɗinki wayar baƙo zai riƙa shiga.

Ki buɗe asusu da sunanki. Ƙaramin asusu ba ya neman tulin takardu, NIN ko BVN da hoto sukan isa. Ki riƙa motsa shi lokaci-lokaci, ko da Naira 500 ce ki saka ki cire, don kada ya yi barci.

In kin sauya layi, ki sanar da wuri uku a mako guda: banki, NIMC, da ofishin da ya yi miki rajistar tallafi. Abin da ya kusa cin maƙwabciyata ke nan.

Ga wadda ba ta gani: ki zaɓi mutum ɗaya tak da kika amince da shi ya riƙa raka ki wurin mai POS. Ki sa a ƙirga kuɗin a tafin hannunki ɗaya bayan ɗaya, a karanta miki ragowar da ke asusu, ki karɓi rasit. In wayarki babba ce, ki sa a kunna miki manhajar da ke karanta rubutu da murya.

5. Ki nemi takardar likita tun ba a tambaya ba

Lalurar da ido ke gani ba ta cika shan musu ba. Amma kurumta, farfaɗiya, raunin gani, lalurar ƙwaƙwalwa, ciwon sikila da ya taɓa ƙugu, waɗannan sai da shaida.

Mu a Zariya ba mu rasa wurin zuwa ba. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Ga Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye. A cikin Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, da Cibiyar Kunne ta Ƙasa, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Ki fara da inda katinki yake, can ne suka san tarihinki.

Ki roƙi likita takardar ta ƙunshi sunanki daidai da na NIN, sunan lalurar, tun yaushe take, ko mai warkewa ce ko ta zauna, da abin da take hana ki yi. A sa kwanan wata, sa hannu da hatimin asibiti. In babu hatimi, ki koma a buga.

Dokar tarayya ta 2018 ta tanadi takardar shaidar nakasa daga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020. Akwai ta dindindin, akwai ta wucin-gadi wadda ba ta wuce kwana 180. Ki tambayi shugabannin ƙungiyarku yadda ake nema.

6. Ranar tantancewa, ki faɗi gaskiya dukanta

Mu Hausawa, ko mutum na kan gadon asibiti ka ce "ya jiki?" zai ce "da sauƙi". Tarbiyya ce mai kyau. Amma ma'aikacin da ya zo da fom abin da kika faɗa zai rubuta. In kin ce da sauƙi, da sauƙi zai rubuta.

Ki yi godiya ga Allah, sannan ki yi bayani. Maimakon "ina dai lallaɓawa", ki ce: "Ba na iya ɗebo ruwa, saye nake yi kullum. Ba na hawa acaɓa, sai na ɗauki shatar Keke Napep in zan je Shika. Wanka sai an taimaka mini. A mako nakan yi kwana biyu ban tashi ba."

Don kada ki manta, ki ɗauki mako guda kina rubuta yadda kowace rana ta wuce: me kika yi da kanki, me aka yi miki, nawa kika kashe a magani da mota. Littafin makaranta mai rahusa ya isa. In rubutu na ba ki wuya, ki naɗi murya a waya kowane dare.

Kada ki rage, kada kuma ki ƙara. Masu rajista sukan duba ɗaki, rufi, banɗaki, yawan mutanen gida da abin da aka mallaka, sukan kuma tambayi mutanen unguwa. Ƙarya ɗaya in ta fito, za ta ja gaskiya goma su faɗi tare.

In ke kurma ce, ki tafi da mai yi miki tafinta. In ɗanki ne mai lalurar, ki tabbata an rubuta shi cikin mutanen gida kuma an nuna lalurarsa. Ɓoye yaro a ɗaki ranar da masu rajista suka zo, hana shi rabonsa ne.

7. Jaka ɗaya, kwafi uku

Ki sayi jakar roba mai zif, irin ta 'yan makaranta. A ciki ki sa takardar NIN, lambar BVN, lambar asusu, takardar likita, katin asibiti, katin ƙungiya, tsohon katin tallafi in kina da shi, da ƙananan hotuna huɗu.

Ki yi fotokwafi uku na kowace. Shagunan da ke wajen Kongo a nan Zariya suna yi da araha. Kwafi ɗaya a jaka, ɗaya wurin 'yar'uwar da kika yarda da ita, ɗaya na bayarwa. Ki ɗauki hoton kowace a waya.

Ta asali ba ta kwana a hannun kowa. A gani, a dawo miki da ita nan take. Kuma ki rataye jakar a sama, damina ba ta tausayin takarda.

8. Ki shiga cikin 'yan'uwa

Labari yakan iso ƙungiya kafin ya iso rediyo. Tun kaka da kakanni ƙasar Hausa tana da Sarkin Makafi, Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma har gobe in za a yi rabo akan bi ta hannunsu. A zamanance kuma ga haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD, mai rassa a jihohi, da rukunin makafi, kurame, masu lalurar ƙafa, zabaya da sauransu.

Ki yi rajista, ki karɓi kati, ki riƙa zuwa taro ko ki aika wakili. Ki gabatar da kanki wurin mai unguwa da kansilan mazaɓarku, domin rajistar marasa galihu daga unguwa take farawa, jama'a ne ke nuna gidajen da suka fi buƙata. Wadda ba a san da zamanta ba, ba a tuna ta.

In an kira taron jin ra'ayi a kan sabon tsari, ku je da magana a rubuce, shafi ɗaya: ga sharaɗin da zai cutar da mu, ga dalili, ga abin da muke so a maimakonsa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ranar 3 ga Disamba ta kowace shekara, ranar masu nakasa ta duniya, manya sukan zo da 'yan jarida. Ku miƙa takardarku a gabansu.

9. In sunanki ya faɗi, ki bi sawu a rubuce

Kuka a zaure ba ya dawo da suna. Ki je sakatariyar Ƙaramar Hukumar Zariya, ki tambayi jami'in da ke karɓar ƙorafin shirin da kike ciki, ko sashen walwalar jama'a.

Tambayar farko: "Mene ne dalili?" Sau da yawa amsar gajeriya ce: suna bai dace ba, asusu ya yi barci, layi ya mutu. Duk masu gyaruwa ne.

Ki rubuta ƙorafi gajere: sunanki, unguwarki, sunan shirin, ranar da kika karɓa na ƙarshe, da abin da kike roƙo. Ki kai kwafi biyu, a buga hatimi a naki. Ki rubuta ranar da kika je da muƙamin wanda ya karɓa. Bayan mako biyu ki koma.

In an yi shiru, ki hau sama: hukumar masu buƙata ta musamman ta jiha a Kaduna, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Ba a biyan kuɗi don kai musu koke.

Ki riƙe wannan kuma. Dokar nan ta 2018 ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a fara sallamar ki in ana layi. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga masu nakasa. Wanda ya nuna miki bambanci saboda lalurarki, tararsa Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Don haka in kin isa banki, ki gaya wa mai gadi a kai ki gaba. Haƙƙinki ne, ki faɗa da fara'a, amma ki faɗa.

10. Ki toshe ƙofar 'yan damfara

Duk lokacin da aka ce za a sake tantancewa, kakarsu ta yanke saƙa. Wani zai kira ki da muryar ma'aikaci, ya ambaci sunanki daidai, ya ce za a cire ki yau in ba ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki yanzu ba. Ki kashe wayar. Wannan lambar makullin asusunki ce.

Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambayi lambar sirrin katinki. Shiga rajistar marasa galihu kyauta ne, ba a sayar da fom. Wanda ya ce ki kawo 2,000 ya sa sunanki, kuɗin ya gani. Wanda ya ce a tara masa katunan ATM na 'yan ƙungiya ya ciro wa kowa, ku ce masa kun gode. Shafin intanet da aka turo a WhatsApp ana cewa ki cike ki tura wa mutum goma, ki goge shi.

Gobe da safe

Kada ki ce za ki yi duka a rana ɗaya. Gobe abu uku kawai: ki latsa lambobin nan biyu, ki jera takardunki a duba suna da ranar haihuwa, ki sayi jakar roba. Cikin makon nan ki je banki da asibiti. Kafin wata ya ƙare, ƙungiya da mai unguwa su san da ke.

Kuma kada ki saki sana'arki. Tallafi yakan zo, yakan makara, yakan tsaya, mun gani a 2024. In ya shigo, ki ware wani abu ki ƙara a jari, ko zare ne, ko gyaɗa, ko katin waya.

Maƙwabciyata ta yi sabon layi da sunanta, ta kai shi banki, jakarta na rataye a ƙusa bayan ƙofa. Saƙon muryar nan kuwa ta goge shi. Ke ma tashi ki duba naki, kuma in kin gama ki leƙa gidan da kika san akwai mai lalurar da ba ta iya fita, ki duba mata nata.